Tambaya da Amsa: Yadda Ake Cika Cikin Sura a Kwamfuta

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan daga Sakkwato da kewayenta suka fito, kuma biyar daga cikinsu sun taɓo fanni guda, wato yadda ake gina surar abu a kwamfuta ta hanyar da za a iya yin lissafi a kanta. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin injiniyancin gine-gine ne. Ina iya zana gada ko ginshiƙi a manhajar Blender har ya fito kamar na gaske, amma malaminmu ya ce wannan zane ba zai gaya mini ko ginshiƙin zai ɗauki nauyi ba, sai an yi masa ragar ciki. Mece ce ragar ciki, kuma me ya hana zanena ya wadatar? Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku ya faɗi gaskiya, domin abin da ka zana fata ce kawai. Kwamfuta tana riƙe da jerin ɗigogi, kowanne da lambobi uku da ke nuna mazauninsa, sannan ta haɗa su uku-uku su zama ƙananan alwatika, ko huɗu-huɗu su zama fuskoki masu gefe huɗu, har su lulluɓe surar baki ɗaya. Wannan ita ce ragar fata, kuma ta ishi wanda buƙatarsa ita ce a ga abu, tunda a kan fata haske yake sauka kafin ya dawo ido. Nauyin da za a ɗora wa ginshiƙi kuwa ratsa cikin kankare yake yi, haka zafi, haka ruwa. Ka dubi katangar ƙasa irin ta tsofaffin gidajen cikin gari: mai wucewa yaɓe kaɗai yake gani, amma magini ya san tubalan da aka jera a ciki su ne ke riƙe da azara da rufi. Zanenka yaɓe ne wanda babu tubali ko ɗaya a bayansa.

Ragar ciki ita ce a yanyanka duk abin da fatar ta ƙunsa zuwa ƙananan gutsattsari masu jiki, waɗanda za su cika wurin ba tare da sun bar rata ba, kuma ba tare da wani ya kutsa cikin wani ba. Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko ɗan dala ne mai tsini 4 da gefe 6 da fuska 4, kowace fuska alwatika ce. Na biyu ɗan akwati ne mai tsini 8 da gefe 12 da fuska 6, kuma ana iya ɗan karkata shi domin ya bi lanƙwasar sura. Sharaɗin da ba a ɗagawa shi ne duk maƙwabta biyu su haɗu fuska da fuska cif, tsinin wannan a kan tsinin wancan.

Dalilin shiga wannan wahala shi ne babu wani lissafi guda da zai bayyana yadda nauyi ke bazuwa a cikin abu mai lungu da saƙo. A cikin ɗan ƙaramin gutsure kuwa, ana iya ɗauka cewa canjin yana tafiya a miƙe daga tsini zuwa tsini, sai a rubuta ɗan lissafi mai sauƙi ga kowane gutsure, a haɗa su duka ta wuraren da suka yi tarayya, kwamfuta ta warware su gaba ɗaya. Richard Courant ya yi amfani da wannan dabara da alwatika a 1943, sannan a 1956 Turner da Clough da Martin da Topp suka wallafa yadda za a yi ta a kan fukafukan jirgin sama, aikin da ya samo asali a kamfanin Boeing na Amurka. Masu zanen kwamfuta daga baya suka shigo: a 1987 Demetri Terzopoulos da abokansa suka nuna surori masu lanƙwasa da komawa, a 1999 kuma James O'Brien da Jessica Hodgins suka yi amfani da ragar 'yan dala wajen nuna yadda abu ke tsagewa ya farfashe. Tsoka da naman da ke motsi a jikin dodannin fina-finai na yau, da yawansu ta wannan hanya ake lissafa su.

Ka kuma lura da tsadar abin. Ɗauki dunƙulen kankare mai tsawon mita ɗaya ta kowane ɓangare, ka raba shi da ma'aunin santimita ɗaya. Fatarsa za ta ci murabba'i 60,000, cikinsa kuwa akwati 1,000,000. Idan ka rage ma'aunin zuwa rabin santimita, fata za ta ninka sau huɗu ta zama 240,000, ciki ya ninka sau takwas ya zama 8,000,000. Shi ya sa gwani ba ya yanka ko'ina daidai. Yana ƙanƙanta gutsattsari a bakin rami da kwana da inda ƙarfe ya haɗu da kankare, ya bar manya a inda babu wani canji mai yawa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na sauko da surar wani ƙarfen inji daga intanet, tana da kyau ƙwarai a allo. Da na ba manhaja ta cika cikinta sai ta ƙi, ta ce akwai fuskokin da suka ratsa juna. Na gyara har ta karɓa, amma lissafin da ya fito shirme ne. Ina laifin yake? Daga wani mai zanen kwamfuta, Mabera.

AMSA: Malam, matsaloli biyu ne ka ci karo da su a jere, kuma kowacce ta ci shekarun masu bincike. Ta farko ita ce fatar da kanta. Kafin a cika cikin abu dole a san ina ne ciki, ina ne waje, kuma hakan ba ya yiwuwa idan fatar tana da huji, ko wata alwatika ta soke wata, ko an ɗora fuska biyu a wuri guda. Ido ba ya ganin waɗannan lahani, shi ya sa surar ta burge ka. Kada ka ɗauka rashin sa'arka ne. A 2016 Qingnan Zhou da Alec Jacobson sun tara surori 10,000 da mutane suka ɗora a intanet domin bugawa da injin ɗab'i mai fitar da abu da jikinsa, tarin da ake kira Thingi10K, sai suka tarar kusan rabinsu suna da fuskokin da suka ratsa juna.

Ko da fatar ta rufu sarai, akwai wani tarko. A kan takarda, duk fili mai gefuna miƙaƙƙu ana iya raba shi zuwa alwatika ta hanyar haɗa tsinayensa kawai. A 1928 Erich Schönhardt na Jamus ya nuna cewa wannan ba ya tabbata ga abu mai jiki, kuma kana iya gina misalinsa da kwali. Yanka alwatika biyu iri ɗaya, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kamar za ka yi ginshiƙi mai gefe uku, sai ka murɗa ta saman da digiri 30 yadda kowane bango zai karye gida biyu ya lotsa ciki. Abin da ka samu yana da tsini 6 da gefe 12 da fuska 8. Tsinayen nan shida sun kasu gida uku, biyu-biyu, kuma a kowane gida layin da zai haɗa biyun ta waje yake bi. Ɗan dala yana buƙatar tsini huɗu, kuma duk yadda ka zaɓi huɗu daga gida uku, tilas biyu su fito daga gida ɗaya. Ke nan babu ɗan dala ko ɗaya da zai zauna a ciki, sai an ƙara sabon ɗigo. Inda za a sa irin waɗannan ƙarin ɗigogi, da yawan da za a sa, shi ne babban aikin manhajoji irin su TetGen, wadda Hang Si ya rubuta a birnin Balin.

Matsalarka ta biyu ta ingancin gutsattsarin ce. Yawancin manhajoji suna bin ƙa'idar da masanin lissafi na Rasha, Boris Delaunay, ya wallafa a 1934: a haɗa ɗigogi yadda ƙwallon da ya ratsa tsinaye huɗu na kowane ɗan dala ba zai ƙunshi wani ɗigo a cikinsa ba. A kan takarda wannan ƙa'ida tana ba da alwatika mafi kyau da za a iya samu, domin tana faɗaɗa ƙaramar kusurwa iyakar yiwuwa. A cikin abu mai jiki kuwa tana barin wani mugun iri ya wuce. Ka sa ɗigo huɗu a kusurwoyin murabba'i a kan tebur, ka ɗaga ɗaya daga cikinsu sama da kaurin takarda, sannan ka haɗa su duka. Gefunansa shida duk tsawonsu ya yi kyau, ƙwallonsa ma ba shi da laifi, amma shi kansa a baje yake, cikinsa bai taka kara ya karya ba. Kusurwar da ke tsakanin fuskokin daidaitaccen ɗan dala kusan digiri 70.5 ce, a wannan kuwa wasu sun kusa sifili, wasu sun kusa 180. Da yake lissafin kowane gutsure yana ƙunshe da rabawa da girman cikinsa, 'yan ƙalilan irin wannan sun isa su ɓata sakamakon raga mai gutsure miliyan. Mafi muni shi ne gutsuren da ya kife, wanda girman cikinsa ya koma ƙasa da sifili.

Shawarata ita ce ka daina duban matsakaicin inganci da manhajar ke nuna maka, ka nemi gutsure mafi lalacewa, ka ga ƙaramar kusurwarsa da inda yake. Sau da yawa za ka same shi manne da wata siririyar alwatika ta fatar asali. Sannan ka gwada manhajar TetWild, wadda Yixin Hu da abokan aikinta na Jami'ar New York suka fitar a 2018, ko mai saurinta, fTetWild, ta 2020. Su sun yarda fatar ta ɗan gusa kaɗan cikin wani ƙayyadadden tazara, sai a ƙarshe su tantance ciki da waje, kuma da wannan sassauci suka cika surorin Thingi10K. Abin da aka sadaukar shi ne bakin ƙarfe mai kaifi yana iya ɗan dakushewa, saboda haka ka duba shi kafin ka amince.

TAMBAYA: Malam, ina aiki a sashen ɗaukar hoton cikin jiki a wani asibiti. Hoton siti-sikan ai ya riga ya nuna cikin mutum. Shin shi ma ragar ciki ne? Daga wata ma'aikaciyar lafiya, Gawon Nama.

AMSA: Malama, ya kusa, amma da saura. Na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila, wadda aka fara gwadawa a kan majinyaci a 1971, tana ba da yanka-yanka, a na'urorin yau galibi kowanne mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance, idan aka jera su sai su zama tarin ƙananan akwatuna iri ɗaya, kowanne da lambar da ke nuna yadda ya tare hasken X-ray na na'urar, ruwa a kan sifili, iska a kan 1000 ƙasa da sifili, ƙashi can sama. Waɗannan akwatuna ba su san iyakar ƙashi ba, shi ya sa gefensa ke fitowa hawa-hawa. Sai an fara ware wanne na ƙashi ne wanne na tsoka, sannan a fitar da fata mai santsi, yawanci da dabarar da William Lorensen da Harvey Cline suka wallafa a 1987, wadda ke bin akwati ɗaya bayan ɗaya tana duba tsinayensa takwas ko kowanne yana ciki ko waje, yanayi 256 ke nan, ta yanke inda iyaka ta ratsa. Bayan haka ake cika fatar da 'yan dala, a ba kowanne taurin da ya dace da lambar da ke wurinsa a hoton. Da irin wannan raga masu bincike ke gwada inda ƙashin cinya zai iya karyewa, ko yadda ƙarfen da za a dasa zai raba nauyi. Manhajar 3D Slicer kyauta ce, kuma tana yin matakan farko.

TAMBAYA: Malam, muna da gardama a wurin aiki. Manyanmu sun nace sai an yi raga da akwatuna, ko da za ta ci makonni ana yi da hannu. Mu matasa muna danna maɓalli mu samu ta 'yan dala cikin mintuna. Wa ke da gaskiya? Daga wani injiniya, Kalambaina.

AMSA: Injiniya, manyanku ba su nace a banza ba. Ɗan dala mai tsini huɗu kacal yana da taurin kai a lissafi: idan aka lanƙwasa sanda da aka yi da irinsa, sai ta nuna ta fi ƙarfin yadda take a zahiri, kuma abin ya fi tsanani a kayan da ba sa matsuwa, kamar roba da nama. Wannan kuskure ne mai haɗari, tunda yana gaya maka abu ya fi ƙarfinsa. Akwatuna kuwa ana iya jera su su bi tsawon sanda ko hanyar da iska ke bi, kuma ba a buƙatar su da yawa, domin akwati ɗaya sai an raba shi gida biyar ko shida kafin ya koma 'yan dala. Masu gwajin haɗarin mota a kwamfuta da masu lissafin iska a jikin fanka ta injin jirgi suna da hujjar son su.

Abin da ya hana a samu maɓallin da zai fitar da su shi ne akwatuna ba sa yarda a gyara su a wuri ɗaya. Idan ka shiga ta wata fuskar akwati ka fita ta mai kallonta, ka faɗa cikin na gaba, haka za ka yi ta tafiya har ka ɓulla a wani ɓangare na surar, saboda haka canji a nan yana jan canji a can nesa. Ga ƙaramin misali na irin ƙa'idojin da ke ɗaure su. Kowane akwati yana da fuska shida, kowace fuskar ciki kuma akwati biyu ne suka yi tarayya a kanta, ke nan adadin fuskokin da suka rage a waje tilas ya rabu biyu daidai. Idan fatarka tana da fuska 15 ko 101, babu dabarar da za ta cika ta da akwatuna zalla. William Thurston a 1993 da Scott Mitchell a 1996, kowa a nasa ɓangaren, sun nuna cewa ga sura dunƙulalliya marar rami wannan sharaɗi ya isa a samu tsarin haɗin akwatunan, amma hujjarsu ba ta yi alkawarin cewa akwatunan za su fito da siffa mai amfani ba. Akwai wata dala mai fuska 16 kacal, kowacce mai gefe huɗu, da Robert Schneiders ya ajiye wa masu bincike a matsayin ƙalubale. A 2010 an cika ta da akwati 88, sai a 2018 aka sauko zuwa 44, sannan 36. Idan ƙaramin abu irin wannan ya ɗauki shekaru haka, ka ƙiyasta akwatin giyar babbar mota.

Hanyoyi biyu ne bincike ya fi bi yanzu. A ta farko ana matse surar har fuskokinta duka su kalli ɗayan ɓangarori shida, a yanka ta da layuka miƙaƙƙu, sannan a mayar da ita siffarta ta asali tare da ragar. James Gregson da Alla Sheffer da Eugene Zhang sun nuna wannan a 2011. A ta biyu ana fara lissafa alƙibla uku masu giciye da juna a kowane ɗigo na cikin surar, sai a bi su a shimfiɗa akwatuna. Tana ba da raga mafi kyau idan ta yi, amma alƙiblar da ta yi santsi ba kullum take yarda a mayar da ita akwatuna ba, kuma har yanzu ba a gama warware wannan ba.

A ganina gardamarku ta tsaya a kan tsohon zaɓi. Akwai ɗan dala mai ɗigo 10, wanda aka ƙara wa ɗigo a tsakiyar kowane gefe, kuma shi ba ya da yawancin taurin kan da na ambata. Teseo Schneider da abokansa sun gwada nau'o'in biyu a kan dubban surori, a binciken da aka wallafa a 2022, suka ga cewa a lissafin abubuwa irin su zafi da lanƙwasa marar tsanani, mai ɗigo goman yana yin daidai da akwati ko ya fi. Saboda haka ga ginshiƙin inji ko mariƙin ƙarfe, ku yi amfani da shi ku huta. Ga bugu mai ƙarfi da lotsewar ƙarfe da siraran faranti, ku saurari manyanku.

TAMBAYA: Malam, ina shirin digiri na biyu a fannin lissafi, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka ce kawai gare ni. Zan iya yin bincike a wannan fanni daga nan? Daga wata ɗaliba, Dundaye.

AMSA: Ƙwarai kuwa, 'yata, kuma wannan yana cikin fannonin da suka fi neman kaifin lissafi a kan tsadar na'ura. Raga mai gutsure dubu ɗari biyu ko uku ba ta fi ƙarfin kwamfutarki ba. Kayan aikin ma kyauta ne: Gmsh, wadda Christophe Geuzaine da Jean-François Remacle na Beljiyam suka rubuta, da TetGen, da CGAL, dukansu domin yin raga, da ParaView domin kallon sakamako, da OpenVolumeMesh ta jami'ar Aachen a Jamus, wadda ta fito a 2012 domin adana alaƙar tsini da gefe da fuska da gutsure. Abin da za ki ƙarfafa shi ne aljabara ta jadawalin lambobi, da lissafin siffofi, da rubuta shiri a Python ko C++.

Game da maudu'i, kada ki yi nisa. Madatsar Goronyo da ke kan kogin Rima ta ƙasa ce, kuma yadda ruwa ke tsatsafowa ta cikin irin wannan jiki tambaya ce ta ragar ciki. Ruwan ƙarƙashin ƙasar Sakkwato yana kwance a shimfiɗun yashi da yumɓu irin na Gwandu da Rima da Gundumi, masu faɗin kilomitoci da yawa amma kaurinsu kaɗan ne, wasu ma suna sirancewa har su ƙare, kuma a daidai irin wannan wuri ne bajajjen ɗan dala yake fitowa. Akwai kuma mai sauƙin farawa: yadda zafin watan Afrilu, wanda ke haura digiri 40, yake ratsa bulon siminti mai rami idan aka gwada shi da katangar ƙasa. Kafin ki taɓa ko ɗaya, ki ɗauki sura mai sauƙi wadda aka san amsarta da alƙalami, kamar zafi a cikin bututu mai kauri, ki yi mata raga, ki rage girman gutsattsarin da rabi sau uku ko huɗu, kina rubuta kuskuren da ƙaramar kusurwa a kowane mataki. Da ɗan dala mai tsini huɗu, kuskuren ma'aunin zafin ya kamata ya ragu kusan sau huɗu a duk ragi. Idan bai yi haka ba, ki koma ki binciki ragar da shirin da kika rubuta kafin ki kai wa mai duba aikinki wani sakamako.